Harshen Da Aka Bari A Ƙofar Majami'a

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Tamale, ko kasuwar Aboabo, ko tashar motocin da ke zuwa Bolgatanga da Bawku da Yendi, zai ji Dagbani, harshen masu gari. Zai ji Twi da Turanci. Zai kuma ji Hausa. Da ita ake cinikin shanu da goro da albasa, da ita direba yake kiran fasinja, da ita mutumin Bawku yake gaisawa da mutumin Wagadugu in harsunan iyayensu sun ƙi haɗuwa. A cikin masu jin wannan Hausa akwai Kirista. Ba su da yawa, gama Tamale gari ne da Musulmi suka fi rinjaye. Waɗansunsu daga arewa maso gabashin Ghana suka zo, waɗansu jikokin tsofaffin soja ne da 'yan sanda da suka tashi a bariki, waɗansu kuwa baƙi ne daga Nijeriya da Nijar. Da yawa a cikinsu da Hausa suke mafarki, da ita suke faɗa, da ita suke rarrashin yaro.

Amma ran Lahadi, sa'ad da irin wannan mai bi ya iso ƙofar majami'a, sai ya tuɓe Hausarsa ya ajiye a waje kamar takalmi. In ma ya shiga da ita, to, domin karatun aya ne da waƙa ɗaya ko biyu. A gidansa za a iske Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, wataƙila da ɗan littafin shirin baftisma. A tambaye shi littafin labari guda wanda wani mai bi ya rubuta da Hausa, wanda zai miƙa wa 'yarsa mai shekara goma sha biyar ta karanta da daɗi, sai ya yi shiru. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Fiye da shekara 90 ke nan, amma abin da masu bi suka gina a kan wannan harsashi bai taka kara ya karya ba.

Talauci ba shi ne dalili ba, gama talakawa sun rubuta littattafai a wurare da dama. Maganganu uku ne suka ɗaure hannun masu bi, ana maimaita su a taron dattawa da ajin makarantar Lahadi har sun zama kamar koyarwa. Ta fari, wai Hausa harshen Musulmi ce. Ta biyu, wai labarin da aka ƙaga ƙarya ne, ƙarya kuwa zunubi ce. Ta uku, wai tun da akwai Littafi Mai Tsarki, duk wani rubutu ƙari ne marar amfani. Ukun nan duka kuskure ne, kuma 'ya'yan ikkilisiya ne suke biyan kuɗinsa.

Wai Hausa harshen Musulmi ce

A Ghana wannan magana tana da inda ta samo asali, kuma bai kamata a yi musun tarihinta ba. Tun kafin Turawa su kafa mulki, fataken Kano da Katsina suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga domin sayen goro. Tare da su malamai suka zo, da allo da tawada. Zangunan da suka kafa Musulunci ne ya riƙe su, Hausa kuwa ta haɗa kansu. Babban marubucin Hausa na wannan ƙasa malami ne, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete Krachi, inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami a kan talauci da wadata, da kuma zuwan Turawa. Haka kuma tatsuniyoyi da karin maganar da R. S. Rattray ya buga a 1913, wani Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a wannan ƙasa. Malaman zango sun yi aikinsu, sun cancanci girmamawa. Aikinsu ya kamata ya sa mai bi ya ji kunyar nasa hannun da ya naɗe.

Amma harshe ba gonar gado ba ne da za a ce wane ne ya share ta, saboda haka wane ba zai sa garma ba. Harshe na wanda ya sha shi a nono ne. Kuma tarihin rubutun Hausa da kansa ya ƙaryata masu wannan magana. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, daga ƙasar Damagaram, wanda aka bautar aka kuma 'yanta, ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Can ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, aka yi masa baftisma. Daga bakinsa Schön ya rubuta labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi masu yawa, waɗanda suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, wata ƙungiyar Kirista ce kuwa ta buga shi. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, mishan ɗinsa ya koma Wusasa a 1929, shi da abokan aikinsa Hausawa da Turawa suka sha wahalar fassarar da ta fito a 1932. Sa'an nan a gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farko shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Wato ranar da aka aza tubalin ƙagaggen labari na boko, akwai hannun ɗan ikkilisiya a ciki. Tambayar da ta rage ita ce, ina magadansa?

Ko da ma babu wannan tarihi, Sabon Alkawari ya isa amsa. Ubangiji Yesu da Aramaik ya yi wa'azi, amma da Helenanci aka rubuta Bishara, harshen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yabon gumaka da shi. Kalmar da manzanni suka kira Allah da ita, da wadda Yahaya ya buɗe Bishararsa da ita, duka arna sun riga su amfani da su. Manzanni ba su ce harshen ya ƙazantu ba. A ranar Fentikos, bisa ga Ayyukan Manzanni sura 2, Ruhu Mai Tsarki bai tara mutane a kan harshe ɗaya mai tsarki ba, kowa ya ji ayyukan Allah da harshen da aka haife shi a ciki, har da Larabawa. Lamin Sanneh, mutumin Gambiya da ya tashi a gidan Musulmi ya zama Kirista, ya kuma taɓa koyarwa a Jami'ar Ghana a Legon, ya gina littafinsa na 1989, Translating the Message, a kan wannan gaskiya: bangaskiyar Kirista ba ta da harshen da ta keɓe wa kanta, tun ranar farko da fassara take tafiya. Kiristan Masar da Lebanon suna kiran sunan Allah da Larabci ba tare da shakka ba. Badagombe mai bi yana kiran Naawuni, sunan da kakanninsa suka sani kafin mishan ya iso Yendi. Mai bi da ke jin Hausa ba shi da dalilin tsoron kalmomin da ya tarar a bakin uwarsa.

Akwai dai wani tsoro dabam wanda ya fi wannan nauyi, kuma ya kamata a saurare shi. A arewacin Nijeriya, musamman a Filato da kudancin Kaduna da Bauchi, ikkilisiyoyi sun riƙi Hausa ta zama harshen sujada, ƙananan harsuna da yawa kuwa suka ja baya har jikoki ba sa jin maganar kakanninsu. Dattijon da ya ce kada a maimaita wannan a Ghana yana da gaskiya. Ba wanda ya isa ya ce wa Badagombe ko Bakonkombe ya bar harshensa ya yi addu'a da Hausa. Sai dai halin Tamale dabam ne. Dagbani yana da nasa cikakken Littafi Mai Tsarki, ana koyar da shi a makaranta, ana watsa shirye-shirye da shi a rediyo. Cibiyar GILLBT, wadda aikinta ya soma a 1962 ta kuma kafa hedkwatarta a Tamale, ta yi shekaru tana tsara rubutu da fassara Maganar Allah cikin harsunan arewacin Ghana. Hausa kuwa, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana karanta labarai da ita, ba ta cikin harsunan da gwamnati ta zaɓa domin koyarwa a makarantun firamare. Saboda haka yaron da Hausa ce harshensa na fari yakan gama makaranta bai taɓa ganin ta a kan allo ba. Gwamnati ta ɗauke shi baƙo, ikkilisiya ta ɗauki harshensa na waɗansu ne. Wannan yaro shi ne tunkiyar da ba wanda ya fita nema.

Wai ƙagaggen labari ƙarya ne

Magana ta biyu ta fi shiga zuciyar masu tsoron Allah, domin tana da kamannin tsarki. Ana kawo wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus, inda ya gargaɗe su game da tatsuniyoyi, da wasiƙar Bitrus ta biyu, inda ya ce abin da manzanni suka shaida ba ƙage ba ne. Daga nan sai a yanke hukunci cewa Gizo da Ƙoƙi ba su da wuri a gidan mai bi, kuma saurayin da yake rubuta labari yana ɓata lokacin da ya kamata ya yi addu'a.

Wanda ya karanta waɗannan wurare daga farko zuwa ƙarshe zai ga abin da manzannin suke yaƙi da shi. Malaman ƙarya ne da suke kawo ƙage su ce wahayi ne, su sa shi a madadin Bishara. Laifin ƙarya shi ne ruɗi: maƙaryaci yana so a gaskata abin da ya san ba haka yake ba. Tatsuniya kuwa tun daga ƙofa take faɗin sunanta. Tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa ta zo mu ji ta, a ƙarshe ta rufe da ƙurunƙus. Babu yaron da ya taɓa tashi da safe ya tafi neman gidan Gizo. Abin da ya tashi da shi shi ne sanin cewa haɗama tana kai mutum ga kunya, wayon banza kuma yana komawa kan mai shi. Wanda ya kasa bambanta wannan da shaidar zur, matsalarsa ta fahimta ce, kada ya kira ta tsarki.

Littafi Mai Tsarki da kansa cike yake da irin wannan magana. A 2 Sama'ila sura 12, Dawuda ya riga ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin. Sarki ne, ya san Doka sarai, amma sanin Doka bai motsa shi ba. Annabi Natan ya zo masa da labarin wani attajiri mai garkuna da wani matalauci mai 'yar tunkiya guda wadda take ci daga akushinsa. Babu wannan attajiri, babu wannan tunkiya. Amma Dawuda ya husata ya yanke hukunci, sai ya tarar kansa ya yanke wa. Daga wannan labari da aka ƙaga tuban da ke cikin Zabura 51 ya fito. A Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya tsaya a kan Dutsen Gerizim ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka tafi neman sarki, zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, ƙaya ta karɓa. Itatuwa masu magana! In wani matashi a Tamale ya rubuta irin wannan yau, akwai dattawan da za su kira shi su yi masa faɗa.

Ubangiji Yesu kuwa, Markus sura 4 ta shaida cewa da misalai yake yi wa taro magana. Sa'ad da masanin Attaura ya tambaye shi wane ne maƙwabci, ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka tare a hanyar Yariko. Sa'ad da Farisiyawa suka yi gunaguni domin yana ci da masu zunubi, ya ba su labarin ɗa da ya cinye gadonsa a wata ƙasa mai nisa har ya yi kwaɗayin abincin aladu. Ya kuma bar labarin a buɗe, babban wan yana tsaye a waje, ba a faɗi ko ya shiga ba, domin kowane mai ji ya ba da amsar da kansa. Wanda ya ce duk labarin da bai faru ba zunubi ne, ya auna da kyau wanda yake zargi.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce, kuma duk inda aka yi ta, tarihi ya nuna wanda ya yi gaskiya. John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford a Ingila saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba. Sa'ad da ya rubuta The Pilgrim's Progress, wanda ya fito a 1678, waɗansu abokansa masu ibada sun ba shi shawara kada ya buga, domin ƙage ne. Sai da ya kare kansa a gabatarwar littafin da hujjar misalan Littafi Mai Tsarki. Littafin nan an fassara shi cikin harsuna fiye da 200, da yawansu na Afirka. A Lesotho, Thomas Mofolo, ma'aikacin maɗaba'ar mishan ta Morija, ya gama littafinsa Chaka wajen 1910, amma bai fito ba sai 1925, domin waɗansu 'yan mishan sun ji tsoron zai ja mutane su koma ga al'adun dā. Shekara goma sha biyar aka tsare littafin da yau ake lissafa shi cikin manyan ayyukan adabin Afirka, littafin da yake nuna yadda son mulki yake cinye ran mutum. A ƙasar Yarabawa kuwa, ikkilisiya ta yi hikima: a 1938 kantin littattafan mishan na CMS ya fitar da labarin D. O. Fagunwa na mafarauci a dajin aljanu, yaran Yarabawa suka yi ta karanta shi tsara bayan tsara, harshensu ya ƙara ƙarfi, bangaskiyarsu ba ta ragu ba.

Wai Littafi Mai Tsarki ya isa

Hakika ya isa domin ceto da koyarwa, ba mai bi da zai yi musun wannan. Amma iri ma ya isa, duk da haka manomi ba ya ajiye shi a rumbu ya ce ya gama noma. Fassara tana kawo Maganar Allah cikin harshe. Saura kuma masu harshen su amsa da muryarsu, gama haka Zabura take: amsar mutane ce ga abin da Allah ya yi, da kuka da gunaguni da murna. Jama'ar da take karanta Maganar da harshenta amma ba ta taɓa amsawa da shi ba, har yanzu baƙuwa ce a gidan Ubanta.

Tamale ta san wannan fiye da garuruwa da yawa, domin mutum biyu da suka yi aiki a cikinta sun nuna hanya. Na fari shi ne Peter Porekuu Dery. Sa'ad da aka naɗa shi bishop na Wa a 1960, kafin babban taron Vatican na biyu ya buɗe ƙofa ga harsunan gida, ya nemi izini daga Roma a yi sujada da harshen Dagaare, da karin waƙa da kayan kiɗan mutanensa. Daga baya ya zo Tamale a 1974, ya zama babban bishop a 1977, aka ba shi matsayin kadinal a 2006. Na biyu shi ne Fada Jon Kirby, wanda ya kafa cibiyar nazarin al'adu ta TICCS a Tamale a 1983. Kafin wannan, shi ne ya fassara addu'o'i da yabon wata mata daga Kwahu mai suna Afua Kuma, manomiya kuma ungozoma, wadda ba ta yi karatun boko ba. Ta ɗauki salon kirarin da ake yi wa sarakunan Akan ta juya shi ga Yesu, da surorin kurmi da farauta da gona da kogi. Maɗaba'ar Asempa ta buga littafin a Accra a 1981, da Twi da kuma Turanci. Masanin tauhidi Kwame Bediako ya ɗauki maganar wannan tsohuwa a matsayin tauhidi na gaske, aka yi ta nazarinta a makarantun horar da fastoci har ƙasashen waje.

Hausa tana da kirari, tana da take, tana da waƙar niƙa da ta daɓe da ta reno, tana da kacici-kacici da zaurance da karin magana da ba su ƙidayuwa. Matan Zumunta a ikkilisiyoyin arewacin Nijeriya sun daɗe suna tsara waƙoƙinsu da tulu da kuge, waƙoƙin da suka fi yawancin fassararrun waƙoƙin Turawa shiga jiki. Amma kaɗan ne aka rubuta, in mai waƙar ta mutu sai waƙar ta bi ta. Afua Kuma ta Hausa tana nan a wani benci na baya, a Tamale ko a Bawku ko a Maraɗi. Abin da ya rage shi ne wanda zai zauna kusa da ita da takarda.

Masu cewa babu kuɗi, babu masu karatu, su dubi Kano. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa maza da mata suka soma rubuta littattafan soyayya suna bugawa da kuɗin aljihunsu, ba tallafin gwamnati, ba na mishan. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. An zage su, an ce adabin kasuwa ne, amma mata da yawa saboda waɗannan littattafai suka dage suka koyi karatun boko. A 1990 kuma aka yi Turmin Danya, fim ɗin bidiyo na Hausa na farko a Kano, daga nan sana'ar fim ta bunƙasa har kayanta suka cika zangunan Ghana. Yau wayar hannu ta kai waɗannan labarai cikin ɗakin kowace yarinya. Ba laifin marubutan Kano ba ne, su sun rubuta duniyarsu da imaninsu, haka ya kamata. Amma zuciyar yaro gona ce, ba ta zama fili. In iyaye masu bi ba su shuka kome a cikinta ba, wani zai shuka, sa'an nan su zo suna kuka wai yaran zamani ba sa jin magana. 'Yar mai bi da ta karanta labari ɗari ba ta taɓa gamuwa da mai suna irin nata yana addu'a irin tata ba, a hankali za ta ɗauka cewa bangaskiyarta ba ta da wuri a cikin rayuwa ta ainihi, abin Lahadi ce kawai da Turanci.

Irin rubutun da ake bukata

A nan sai an yi hattara, domin akwai wani irin labari da ya fi rashin labari muni. Shi ne wa'azin da aka sa wa rigar labari: mai bi kullum yana samun arziki, marar bi kullum mota tana buge shi, fasto ba ya kuskure, maƙwabci Musulmi ko mai bin addinin gargajiya kuwa ba shi da aiki sai mugunta. Wannan shi ne ƙaryar da ta cancanci sunan, gama yana faɗin abin da ba haka duniyar Allah take ba. Littafin Ayuba bai yi haka ba. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da ta'aziyya ba. Littafin Esta bai ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba, amma hannunsa yana ko'ina a ciki. Jarumin labarin hanyar Yariko Basamariye ne, mutumin wani addini da masu sauraro suka raina. Marubuci mai bi da ya zauna shekara talatin da maƙwabci Musulmi, suka yi suna da jana'iza tare, sa'an nan ya zana shi kamar dodo, ya karya doka ta tara.

Abin rubutawa kuwa ya yi yawa. Akwai iyalan zango da dokar korar baƙi ta 1969 ta raba, waɗansu suka tafi ƙasar da ba su taɓa gani ba. Akwai yunwa da gobarar daji ta 1983, shekarar da aka koro 'yan Ghana daga Nijeriya. Akwai rikicin 1994 da ake kira yaƙin zabo, wanda ya ci rayuka da yawa a arewacin Ghana ya kori dubban mutane daga ƙauyukansu, akwai kuma waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu na wata kabila a lokacin. Akwai 'yan matan arewa da suke tafiya Kumasi da Accra ɗaukar kaya a ka, suna kwana a bakin shaguna. Akwai gidan da uwa take zuwa majami'a uba yana zuwa masallaci, yara suna tsakiya. Wa'azin minti arba'in ba zai iya ɗaukar nauyin waɗannan ba. Labari yana iyawa, domin yana sa mai karatu ya kwana cikin fatar wani.

Saboda haka nauyi yana kan mutane sanannu. Fastoci da dattawa su daina tsorata matasan da suke rubutu, su ba su wuri a taron matasa da bikin Kirsimati su karanta abin da suka rubuta. Kowace ikkilisiya da take da masu jin Hausa ta buɗe ajin koyon karatun Hausa, tun da makarantar gwamnati ba za ta yi ba. Matasa masu waya su ɗauki muryar tsofaffi, waƙoƙinsu da tatsuniyoyinsu da labarin yadda suka ba da gaskiya, su rubuta tun kafin a binne su da su. Maɗaba'un ikkilisiya su tuna cewa gasa guda ta 1933 ta haifi littattafai biyar da har yau ake karantawa, su shirya tasu. Kada kuma wani ya ce Hausar Ghana ba ta isa a rubuta ba domin ba ta cika bambanta namiji da tamace a nahawu ba, ko domin ta ari kalmomi daga Twi da Dagbani. Helenancin Sabon Alkawari ma na kasuwa ne, masanan Atina sun raina shi. Mai rubutu ya rubuta da Hausar da yake kuka da ita, masu gyara su gyara ƙa'idar rubutu su bar masa muryarsa.

A Matiyu sura 25, bawan da ya binne talantinsa bai sata ba, bai kuwa ɓatar ba. Ya mayar da shi cif yadda aka ba shi, ya ce tsoro ne ya hana shi juya shi, aka kuwa hukunta shi. An ba masu bi da ke jin Hausa harshen da miliyoyin mutane suke ji daga Tamale har Sudan, an ba su Littafi Mai Tsarki a cikinsa tun zamanin kakanninsu. Ranar da Maigida zai nemi lissafi, ba zai karɓi amsar cewa an ajiye shi lafiya a ƙofar majami'a ba.